Yadda zaka riƙa yawo cikin rubutu da kibod ba sai ka taɓa maus ba

Duk mai yawan taifin a kwamfuta, ɗalibi ne mai rubuta furojet, ko mai shagon bizines santa, ko sakatariya a ofis, ko yaran nan namu da suka shiga koyon kodin, akwai lokacin da yake zube masa kullum bai sani ba, shi ne lokacin da hannu yake barin kibod ya tafi lalubar maus. Ka rubuta layi biyu sai ka hango kuskure a sama, ka ɗaga hannu ka kamo maus, ka ja, ka danna, sandar ta sauka gefen harafin da kake nema ba wurinsa ba, ka sake dannawa, ka gyara, sannan ka ƙara kamo maus ɗin don ka koma inda ka tsaya. Sau ɗaya ba komai ba ne amma a aikin shafi sittin ko tamanin wallahi zaka ji shi a wuyan hannu da kafaɗa kafin la'asar, ga shi kuma tunanin abin da kake rubutawa yana yankewa duk lokacin da ido ya koma neman maus.

'Yar sandar nan mai ƙiftawa a cikin rubutu, wadda duk inda ta tsaya nan harafi zai sauka, zaka iya kaita ko'ina daga kan kibod kuma ba sai ka haddace maɓallai ɗari ba. Mutane suna ganin dogon jerin nan na Ctrl da kaza, Alt da kaza, sai su karaya tun ba su fara ba, alhali abu uku ne kawai ke aiki a ƙasa. Kibiya tana tafiya, Ctrl yana ƙara mata nisa, Shift kuma yana yi wa duk abin da aka bi ta kansa hailait, wato ya zaɓe shi. In ka riƙe wannan toh sauran duk haɗe-haɗe ne, kuma kusan iri ɗaya ne a Word da Notepad da Google Docs, har akwatin da kake rubuta imel ko cike fom a intanet.

Mu fara da Windows tunda ita ce a hannun yawancinmu. Kibiyar hagu da ta dama harafi ɗaya-ɗaya suke tafiya, ta sama da ta ƙasa layi ɗaya-ɗaya, wannan kowa ya sani. Yanzu ka danne Ctrl da ɗan yatsanka ƙarami na hagu kar ka saki, ka taɓa kibiyar dama, zaka ga sandar ta tsallake kalma guda cif, ka sake taɓawa ta tsallake wata, kibiyar hagu kuma ta dawo da kai baya kalma-kalma. Kibiya ita kaɗai tafiyar ƙafa ce, da Ctrl kuwa kamar ka tsayar da keke ne daga Terminus zuwa Farin Gada a Jos. A Word in ka haɗa Ctrl da kibiyar ƙasa zai kai ka farkon sakin layi na gaba, da ta sama kuma farkon wanda kake ciki, in ka ƙara ya haura na samansa. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da zan koya wa mutum a yau toh Ctrl da kibiya ne, don shi zaka fi amfani da shi fiye da komai.

Akwai ɗan bambanci da zaka lura da shi tsakanin manhajoji kar ya ruɗa ka. Word yana ajiye ka a farkon kalma ta gaba, VS Code kuma, manhajar da masu kodin suke rubutu a cikinta, yana tsayawa a ƙarshen kalmar da kake kai. Sannan mu masu rubuta Hausa, a VS Code da ire-irensa sandar tana cijewa a kan alamar nan ta cikin jami'a ko ma'ana ko 'ya'ya, tana ɗaukarta kamar iyakar kalma, kaga sai ka ƙara danna kibiyar kafin ka fita daga kalma ɗaya. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, haka aka tsara shi.

Sai Home da End. Home yana kai ka farkon layin da kake, End kuma ƙarshensa, kuma ina mamakin yadda mutum zai shekara da shekaru yana taifin bai taɓa danna su ba, ya danne kibiyar dama yana jira sandar ta rarrafa har ƙarshen layi. Ka sa musu Ctrl sai nisan ya ƙaru kamar yadda na faɗa, Ctrl da Home farkon fayil ɗin gaba ɗaya, Ctrl da End can ƙarshensa ko da shafi ɗari biyu ne, ƙiftawar ido. Page Up da Page Down kuma tsawon abin da sikirin yake nunawa suke tsallakewa, ba shafin takarda ba.

Na san abin da wani zai ce yanzu, ni laftof ɗina ba shi da Home balle End. Yawancin ƙananan laftof ɗin da muke saye na hannu, HP ne ko Dell ko Lenovo, saboda ƙarancin wuri sai aka cusa waɗannan maɓallan a jikin wasu. Ka duba kibiyoyinka da kyau a wurin haske, sau da yawa zaka ga an rubuta Home da ƙananan haruffa a jikin ta hagu, End a ta dama, PgUp a ta sama, PgDn a ta ƙasa. In haka ne sai ka danne Fn, wanda yake can ƙasa kusa da Ctrl, ka taɓa kibiyar. Wato in kana son ƙarshen fayil yatsu uku kenan, Ctrl da Fn da kibiyar dama, da farko zai yi maka nauyi amma hannu yana sabawa. Wasu kuma nasu suna can layin sama kusa da Delete. In kuma kibod ɗinka babba ne mai lambobi a gefen dama, ka kashe Num Lock, 7 ya zama Home, 1 ya zama End, 9 da 3 su zama Page Up da Page Down, an ma rubuta a jikinsu.

Yanzu Shift, nan ne abin yake fara daɗi. Duk wata tafiya da na ambata a sama, in ka yi ta kana danne da Shift, toh abin da sandar ta bi ta kansa ya shiga hailait. Shift da kibiyar dama harafi ɗaya, Ctrl da Shift da kibiya kalma ɗaya, Shift da End daga inda kake zuwa ƙarshen layi, Shift da Home zuwa farkonsa, Ctrl da Shift da End kuma daga nan har ƙarshen fayil. In layi guda kake so cif sai ka danna Home sannan Shift da End. Ka tuna wahalar jan maus a rubutu mai shafuka da yawa, ka ja ƙasa shafin ya zabura da gudu ya wuce inda kake so, ka dawo sama ya sake wucewa, toh da Shift da Page Down ko Shift da kibiyar ƙasa kai ne kake riƙe da linzamin, in ka zarce sai ka koma da kibiyar sama ba tare da ka saki Shift ba. In ka fasa, ka taɓa kibiyar hagu kawai sandar zata koma farkon abin da ka zaɓa, ta dama kuma ƙarshensa.

Dan Allah a kula da abu ɗaya a nan. Matuƙar rubutu yana cikin hailait, duk harafin da ka taɓa zai maye gurbinsa gaba ɗaya. Ka yi Ctrl da Shift da End hannunka ya goga wani harafi, sai ka ga babi uku sun ɓace ya rage harafi ɗaya yana kallonka. Kar ka firgita kar kuma ka danna komai, balle ka yi sebin, Ctrl da Z zai dawo da shi yadda yake.

Gogewa ma tsarin ɗaya ne. Backspace harafi ɗaya a baya, Delete harafi ɗaya a gaba, Ctrl da Backspace kalma guda a baya, Ctrl da Delete kalma guda a gaba. In ka rubuta doguwar kalma ta lalace tun daga tsakiya, goge ta duka da bugu ɗaya ka sake rubutawa ya fi sauri a kan ka tsaya tsintar harafin da ya karkace.

Inda waɗannan abubuwa suke nuna amfaninsu sosai shi ne lokacin gyaran furojet, duk wanda ya san shagunan taifin na wajen Bauchi Road da Angwan Rogo kusa da Unijos ya san yadda wurin yake cika in ƙarshen zango ya zo, kowa riƙe da takardu sufabaiza ya bi su da jan biro. Akwai wata baiwar Allah mai taifin a ɗaya daga cikin shagunan da na tsaya ina kallon hannunta, ɗalibi yana zaune gefenta a benci yana karanto mata gyara. Ya ce Anti, shafi na 47, sakin layi na biyu, Malam ya ce a cire kalmomi uku na ƙarshe a sa shekara. Ba ta ko kalli maus ba, Ctrl da G, ta buga 47, Enter, Esc ta rufe ɗan akwatin, Ctrl da kibiyar ƙasa har ta wuce sakin layin, kibiyar hagu sau ɗaya ta faɗo ƙarshensa, Ctrl da Backspace ta share su, ta rubuta shekarar, ta ce masa ƙanina na gaba. Shi bai ma gama juya takardar ba. Maus ɗin nata yana can gefen firinta an ɗora masa ambulan.

Wannan Ctrl da G ɗin ku riƙe shi. A Word yana buɗe akwatin da zaka rubuta lambar shafi, kuma yana karɓar +4 ko -2, wato ka yi gaba da shafi huɗu ko baya da biyu daga inda kake. A Notepad da Notepad++ da VS Code kuma lambar layi yake tambaya, shi ya sa masu kodin ba sa rabuwa da shi, in kwamfuta ta ce akwai matsala a layi na 230 kai tsaye zaka sauka a kai. F5 ma a Word wannan akwatin yake buɗewa, amma a Notepad F5 lokaci da kwanan wata yake zuba maka a cikin rubutu, kar ka haɗa su.

Akwai kuma wanda nake ƙauna ƙwarai a Word, mutane kaɗan ne suka san shi, Shift da F5. Yana mayar da kai wurin da ka yi gyara na ƙarshe, ka sake dannawa ya kai ka na kafin shi, haka yake zagaya 'yan wuraren da ka taɓa a baya-bayan nan. Misali kana rubutu a babi na huɗu ka haura babi na ɗaya don ka duba yadda ka rubuta wani suna, maimakon ka yi ta gungurawa kana neman inda ka tsaya, Shift da F5 shi kenan. A laftof da yawa layin F ɗin nan an ba shi aikin ƙara sauti da hasken sikirin, in ka danna ka ga wani abu daban ya faru toh ka haɗa da Fn.

Ctrl da F kuwa mutane sun ɗauke shi na neman kalma ne kawai amma ni a wurina hanyar tafiya ce, kuma sau da yawa ita ta fi kowace sauri. In ka tuna kalma ɗaya da ke wurin da kake son zuwa, ka rubuta ta ka danna Enter, ka isa. A Notepad F3 yana kai ka wuri na gaba da kalmar ta sake fitowa. A Word kuma Shift da F3 wani aiki ne daban mai kyau, yana juya abin da ka yi wa hailait daga ƙananan haruffa zuwa manya, masu gyaran kan babi zasu gode masa.

Sai abubuwan da suke tsorata sabon shiga, gara in faɗe su tun yanzu don su ne suke sa mutum ya ce shi ya haƙura ya koma maus. Ctrl da Alt maƙwabta ne a kibod, in kana cike fom a burauza, na JAMB ne ko na NYSC ko na neman aiki, ka kuskure ka danna Alt da kibiyar hagu maimakon Ctrl, burauza zata koma shafin baya kuma ba lallai abin da ka cike ya tsaya ba, ka yi sauri ka danna Alt da kibiyar dama wataƙila ka same shi. Wasu laftof masu Intel, musamman tsofaffi, in Ctrl da Alt da kibiya suka haɗu sikirin ne gaba ɗaya zai juye a kwance ko ƙafa a sama, ba sai an kai wa mai gyara ba, Ctrl da Alt da kibiyar sama zai miƙar da shi. In ka danna Shift sau biyar a jere Windows zata yi ƙara ta tambaye ka ko kana son Sticky Keys, ka ce a'a. In ka ga kana rubutu a tsakiyar layi sabon harafi yana cinye na gabansa, a irin su Notepad++, toh Insert ka taɓa, sake danna shi. A Excel kuma in kibiya ta daina matsawa daga gida zuwa gida sai dai shafin ya riƙa zamewa, Scroll Lock ne a kunne. Kuma can ma Ctrl da kibiya yana aiki, yana kai ka ƙarshen bayanan da aka cike, in ka yi ƙasa kuma babu komai zai jefa ka har layi na 1,048,576, Ctrl da Home ya dawo da kai.

Wani abu kuma da ba laifin maɓalli ba ne, kana taifin a laftof sai ka ga sandar ta yi tsalle rubutunka ya shiga tsakiyar wani layi. Gindin babban yatsanka ne yake gogar wurin shafawar nan na ƙasan kibod. Ka shiga Settings ka rage masa saurin ji, ko ka kashe shi in zaka yi dogon taifin.

Game da koyo, shawarata kar ka ce zaka kwashe duka rana ɗaya. Ɗauki Ctrl da kibiya kawai ka yi ta amfani da shi har ka ga hannunka yana yi ba ka yi tunani ba, sannan ka ƙara Home da End, sannan Shift. Hannun hagu shi ke riƙe da Ctrl da Shift, ƙaramin yatsa a Ctrl na kusa da shi a Shift, na dama kuma yana kan kibiyoyi, kar ka yi ƙoƙarin yin duka da hannu ɗaya. Ka tura maus ɗin nesa inda sai ka miƙa kafin ka kai gare shi. Kwanakin farko zaka ji kamar ma ka rage sauri, gaskiya ne ka rage, musamman da safiyar sanyin Jos ɗin nan na Disamba da yatsu suke ƙagewa, amma ka daure kar ka koma. Kuma tunda hannun hagu yana wurin, ka saba masa da Ctrl da S duk bayan 'yan layuka, mai aiki da destof babu UPS ya san abin da ɗauke wuta yake yi wa shafi goma da ba a yi sebin ba.

Masu Mac, tsarin bai canja ba sunayen ne suka canja. Option da kibiyar hagu ko dama kalma-kalma, Command da hagu ko dama farko da ƙarshen layi, Command da sama ko ƙasa farko da ƙarshen fayil, Shift yana nan da aikinsa, Option da Delete yana goge kalma. Ka dai kiyayi Ctrl da kibiya a can, shi wani fuskar aiki daban yake juya ka. A waya ma akwai, in Gboard, kibod ɗin Google, kake amfani da shi ka ɗora yatsa a kan dogon maɓallin tazara ka ja hagu ko dama sandar zata bi ka, a iPhone kuma ka danne shi ka riƙe sai haruffan su ɓace kibod ɗin ya zama wurin shafawa, ya fi ka yi ta dungurin sikirin da yatsa kana neman tsakanin haruffa biyu.

Ga 'yan kodin kuma, a VS Code Alt da kibiyar sama ko ƙasa yana ɗaukar layin da kake kai gaba ɗaya ya matsar da shi ba sai ka yanka ka manna ba, a Word irin wannan aikin Alt da Shift da kibiya ne kuma sakin layi guda yake ɗauka. In ka shiga taminal na Linux, wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, abin ya ɗan sauya, Ctrl da A farkon layi, Ctrl da E ƙarshensa, Alt da B baya da kalma, Alt da F gaba da kalma, Ctrl da W ya goge kalmar baya, Ctrl da U ya share daga inda kake zuwa farkon layi. A nano ma, wata manhajar rubutu ta cikin taminal, Ctrl da A da Ctrl da E haka suke, Ctrl da W kuma nema ne a can, Ctrl da O ajiyewa, Ctrl da X fita.

Vim, shi ma manhajar rubutu ce ta cikin taminal, amma duniyarsa daban, kuma duk mai taɓa saba, wato server, wata rana sai ya tsinci kansa a ciki. Asalinsa vi ne da Bill Joy ya rubuta a 1976 a jami'ar Berkeley ta Amurka, na'urar da yake aiki da ita, ADM-3A, ba ta da kibiyoyi na daban, a jikin h da j da k da l aka zana su, shi ya sa har yau h hagu ne, j ƙasa, k sama, l dama. Bram Moolenaar ya fitar da Vim a 1991 ya bar tsarin yadda yake. A ciki w yana kai ka kalma ta gaba, b ta baya, 0 farkon layi, $ ƙarshensa, gg farkon fayil, babban G ƙarshensa, in ka buga 230 sannan babban G ka sauka layi na 230, kuma lamba tana ninka komai, 5w tsallake kalma biyar kenan. Sharaɗin dai sai kana yanayin ba da umarni waɗannan suke aiki, in ka danna i ka shiga yanayin rubutu toh haruffan zasu riƙa fitowa ne a sikirin, Esc ke mayar da kai. In ka gama, Esc sannan ka rubuta :wq ka danna Enter ya ajiye ya fita, in kuma ka ga ka ɓata fayil ɗin ba ka son a ajiye komai, Esc sannan :q! da Enter.